Saukar Malam Tsurumaki a Gonar Albasa

Maebashi, 20 ga Oktoba

Zuwa ga Malam Tsurumaki,

Gaisuwa da girmamawa. An gama yankan shinkafa a wajenmu, safiya ta fara sanyi. Ina fata ƙashin kafaɗar yana haɗewa. A gaida Uwargida Fusae da jinya.

Na kira ba ka ɗauka. Na zo gida aka ce kana barci, alhali ina jin tarinka daga bakin ƙofa. Shi ya sa na koma ga takarda.

Ni ke kula da kiyaye haɗari a ƙungiyarmu ta masu tuƙa ƙananan jirage, kai ka ɗora ni a kai, don haka dole in rubuta rahoto. Ba na filin ranar Lahadin, ina ofishin jarida. Ga abin da na tabbatar. Ka tashi kai kaɗai da rana, iska na busowa daga arewa. Kafin ka dawo ta juya. Ka sauko tana bayanka tana tura ka, titin ciyawa ya ƙare jirgi bai tsaya ba, ka tsallake kwata ka kafa hanci a gonar albasar maƙwabcinmu. Farfela ta karye, kai ma ka karye. Mai gonar ya karɓi haƙurinmu, har ya ba mu dami guda mu kawo maka.

Wanda bai haƙura ba shi ne Sawatari, mataimakin shugaba. Ya nemi a kaɗa ƙuri'a a babban taron Disamba a hana ka tashi daga filinmu har abada. Hujjarsa shekarunka da idonka. Wasu kuma suna so in rubuta cewa guguwa ce ta taso ba zato, a rufe zancen. Ba zan rubuta abin da ba a yi ba, ko don kai.

Tambayata ɗaya ce. Da ka juyo za ka sauka, ka dubi tutar iska?

Ɗalibarka,
Kajiwara Mineko

Isesaki, 27 ga Oktoba

Mineko,

Sanyi ya shigo, ki riƙa naɗe wuyanki. Da hagu nake rubutu, ki yi haƙuri da wannan tonon kaza.

Ban duba ba. Rubuta haka, kar ki sa masa kwalliya irin ta 'yan jarida. Na dube ta lokacin tashi, na kafe abin a kaina kamar iska ta yi mini alkawari. A sama kuma agwagin daji sun iso kogi, na tsaya kallonsu. Sai da na ga ciyawa na gudu ƙarƙashina fiye da yadda na saba na gane, lokacin taya ta riga ta taɓa ƙasa.

Idona ƙalau. Likita ya gwada, na karanta masa har sunan kamfanin da ya buga allon. Ki gaya wa Sawatari idon nan ne ya ga lokacin da ya yi amai a hularsa ranar da na fara ɗaga shi sama, kuma bai manta ba.

Ni ma ina da tambaya. Dokarmu ta ce duk sa'ad da jirgi ke sama, a sami mutum a ƙasa riƙe da wayar oba-oba. Ban ji ko tari a kunnena ba. Na ɗauka rediyona ne ya mutu, na sa aka ciro shi aka kawo mini gida, ga shi nan yana aiki sarai. Wa ke riƙe da wayar?

Albasar ta yi daɗi a miya. Ki yi mini godiya.

Tsurumaki Genzo

Maebashi, 16 ga Nuwamba

Zuwa ga Malam,

Gaisuwa da girmamawa. Ganyaye sun yi ja a gindin dutse. Na jinkirta amsa ne don ina bin mutane ɗaya-ɗaya, ba wanda ya so yin magana.

Duk wanda ke filin ya ga tutar ta juya, kuma ya gan ka ka miƙo ta gefen da bai dace ba.

Wayar tana hannun Nonomura, likitan haƙoran nan. Furfura ce cike da kansa, amma bara ya shiga, don haka allon sunansa shi ne na ƙarshe a jerin da ke bangon rumfar jirage. Naka shi ne na farko. Ya ce mini ya danna maɓalli, bakinsa ya ƙi buɗewa. Sai ya miƙa wa na gaba da shi a shiga, shi ma ya miƙa gaba, har ta iso hannun Sawatari. Ga yadda suka yi, na ji daga bakin mutum uku kuma bai bambanta ba.

"Yaya Sawatari, tuta fa ta juya."

"Ina da ido, likita."

"To a gaya masa mana!"

"A gaya wa wa? Malam? Ai ya sani. Wataƙila nuna mana yake yadda ake sauka da iska a baya."

"In kuma bai sani ba fa?"

"To sai Shugaba. Ina Shugaba?"

Shugaba Ebisawa yana bayan rumfa yana dafa wa jama'a taliya. Sawatari ya ruga da wayar. Ya iske shi da ludayi a hannu, kafin ya goge hannun a riga sun ji ƙarar farfela.

Na gaya musu zan sa wannan a rahoto. Rabin ƙungiya sun daina gaishe ni da kyau. Amma Sawatari bai musa ba, kuma ya daina zancen idonka. Ya zo ofishina da kansa ya ce, "Rubuta, Kajiwara, na ji tsoro, gaskiya ne. To shi ne dalilin. Mutumin da ba mai iya ce masa ka yi kuskure, bai kamata ya tashi a filinmu ba. Bana albasa ce. Baɗi fa? Bayan gonar nan hanyar 'yan makaranta ce."

Malam, na juya maganar nan ta kowane gefe ban sami inda zan kama ta ba. Ta fi ta ido ƙarfi, kuma ƙuri'u suna komawa wajensa. Da ni ke riƙe da wayar, ina so in ce da na yi magana. Ban tabbata ba.

Ɗalibarka,
Mineko

Isesaki, 29 ga Nuwamba

Zuwa ga Malama Kajiwara,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya da wahalar da maigidana ke ba ki shekara da shekaru. Iskar dutse ta fara kaɗawa, a kula da jiki. Bai san na rubuto ba.

Ba zan ɓoye miki ba, da na ji za a hana shi tashi daɗi na ji. Tun muna da ƙuruciya, duk Lahadi in waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Wasiƙarki ta zo da safe. Ya karanta, ya yi ta faɗa da bango. "Matsorata! Ni dodo ne? Na taɓa cizon wani?" Na ce, "Tsoho, kai ne ba ka zo kana ba ni labari kana dariya ba, wai wani ya ce maka ka yi ƙasa da yawa, ka ce masa ya bari sai ya iya ajiye jirgi a rumfa tukuna?" Ya ce, "Wasa nake yi." Na ce, "Kai ka yi dariya. Shi fa?" Ya tashi ya bar shayinsa.

Tun ranar ya yi shiru. Ba irin shirun fushi ba, wannan na san shi. Yana zama bakin taga yana kallon hayaƙin gidan wanka na unguwa, ya ga inda iska ke kai shi. Shekaranjiya ya ce, "Fusae, ke kina jin tsorona?" Na ce, "Ni? Matsa in share wurin." Ya matsa. Sai ya ce, "To me ya sa su ba sa iyawa?" Na ce, "Ni ban rataye sunanka a sama da nawa ba."

Ina son shi a gida, amma ba wannan mutumin da ke zaune kamar an kwashe masa kayan ciki ba. Ya ce zai je taron. Ya sa na goge masa baƙar kwat ɗinsa, bai faɗa mini abin da zai ce ba, kuma na san in ya dawo ba zai faɗa ba. Don girman zumunci ki rubuto mini. Kar ki bari ya daɗe a sunkuye, kafaɗar ba ta gama warkewa ba.

Taki,
Tsurumaki Fusae

Maebashi, 15 ga Disamba

Zuwa ga Uwargida Fusae,

Gaisuwa da girmamawa. Dusar ƙanƙara ta rufe kan duwatsu. Ga yadda aka yi jiya.

An taru a rumfa kewaye da murhun kananzir. Na karanta rahoton duka, ban cire kowa ba. Sawatari ya maimaita hujjarsa, bai rage komai ba. Sannan Malam ya tashi. Ya sunkuya ya ba da haƙuri, na taɓa masa hannu ya ɗago. Ya ce, "Sawatari ya faɗi gaskiya. Na fita daga ƙungiya." Ya je bango ya cire allonsa.

Sai ya juyo wajen Shugaba ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani tsoho da ke son shiga. Sabo ne. Ana karɓa?" Bai jira amsa ba ya taka har ƙarshen layi ya rataye allon a bayan na Nonomura. Ya sunkuya masa ya ce, "Yaya, a riƙa yi mini gyara."

Nonomura ya miƙe har kujerarsa ta faɗi. "Haba Malam! Ka rufa mini asiri!"

"Ba Malam. Tsurumaki. Ina ake ajiye tsintsiya?"

Wasu suka yi dariya, Sawatari bai yi ba. Ya ce, "Katako ka matsar, ba halinka ba." Malam ya ce, "To gwada ni." Sawatari ya kawo sharaɗi. Sabon shiga ba ya tashi shi kaɗai, sai da mai koyarwa a gefensa, kuma shi Sawatari ne zai zauna. Duk umarnin da ya zo daga ƙasa, daga bakin kowa, a bi nan take. Ya yi musu sau ɗaya, ko ya tsaya tambayar dalili, shi ke nan, ba sai an sake taro ba. Malam ya buɗe baki, na ga maganar ta zo har leɓensa, ya haɗiye ta. Ya ce, "Na ji, Yaya."

An kaɗa ƙuri'a, ya tsira da ƙyar. An kuma amince da shawarata cewa daga yau mai riƙe da oba-oba ba ya miƙa ta ga kowa, shi zai yi magana.

Ban san ko zai iya ba. Yana sharar rumfa na ji yana gaya wa Nonomura ba haka ake naɗe igiya ba, sai ya kama bakinsa da hannu. Sai an sake buɗe fili in sanyi ya wuce za mu gani.

Taki da girmamawa,
Kajiwara Mineko

Isesaki, 6 ga Afrilu

Yaya Kajiwara,

Furanni sun buɗe a bakin kogi. Ina fata kina lafiya, an ce aiki ya hana ki zuwa.

Jiya na tashi, Sawatari a gefena ya naɗe hannu kamar alƙali. Da na juyo sauka na dubi tuta, tana daidai. Tsawo daidai, gudu daidai, titi ba ko tsuntsu. Ban taɓa jero sauka mai kyan wannan ba. Taya na gab da taɓa ciyawa sai muryar Nonomura ta fasa mini kunne: "Tsurumaki, kar ka sauka! Sake zagayowa!"

Na ƙara wuta na hau.

Har yanzu ban tambaye shi dalili ba. Sawatari ya ce in zo Lahadi mai zuwa, in zo da wuri, ciyawa na son yanka.

Ƙaninki a ƙungiya,
Tsurumaki