Sunan Ɗan Fari

Fakku, Kebbe

Zuwa ga ƙanena Bube,

Bayan sallama, ina fata kana lafiya, ya ci-rani? Mu nan sai hamdala, amma hawaye nika yi ina rubutu.

An yi zaman ɗanka Gazali a kotun yara ta Tambuwal, kan babur ɗin maigidansa da ya ɗauka ya ragargaza. Jami'ar walwala, baiwar Allah, ta roƙi a bar shi gida ƙarƙashin sa ido, ya riƙa zuwa wurinta tana duba halinsa. Alƙali ya yarda. Abu guda ya rage: uwa ta miƙe ta faɗi sunan ɗanta, ta ce ta karɓe shi.

Iyaye kaɗai aka bari ciki, ni ina waje. Ka san matarka Hadijatu da kunyar ɗan fari, tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba. An ce ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Aka tambaya, aka sake tambaya, shiru. Sai aka ɗauka ta ƙi shi ne, aka tura shi gidan gyaran hali a Sakkwato. Wallahi kamar in shaƙe ta! Kuma tausayinta ya hana ni barci.

Yayarka,
Marka

Fakku, Kebbe

Ƙanena Bube,

Gaisuwa mai yawa, ya jikinka da sanyin damina?

Jami'ar ta gane abin da ya faru, ta ce za a iya sake duba hukuncin, in dai yaron ya amince ya koma hannun uwa tai. Hadijatu ta yini bayan rumbu tana koyon faɗin sunan. Na so in tsokane ta, kuka ya ci ƙarfina.

Jiya muka je Sakkwato, ni da Hadijatu da jami'ar. Muka hango shi ta ƙofa yana shara, ya rame ƙwarai. Gaban masu gadi da kowa Hadijatu ta ɗaga murya ta kira shi, Gazali. Ya waiwayo, ya dube ni, ya dubi jami'ar, yana neman wadda ta kira. Uwa tai bai ko kalla ba.

Daga baya ya shaida ma jami'ar ya fi son zama can, wai can an san sunansa.

Don Allah ka baro aikin nan ka zo, wanga abu ya fi ƙarfina.

Taka har kullum,
Marka