An Ga Na'urar a Cikin Firij

Yaya,

Kwantar da hankalinki, an ga na'urar POS ɗin. Ba sace ta aka yi ba. Na dawo ɗaukar caja na tarar kina barci, ban iya tashinki ba bayan kukan da kika sha jiya.

Da na buɗe shago na ɗaga murfin firij zan jera lemo, sai ga ta kwance tsakanin kwalabe, an naɗe ta a leda, an lulluɓe da tsumma mai tsabta. Aikin Inna ne. Sai yanzu wayarta ta shiga. Wai da muka fita sayo kaya ta taɓa ta a wurin caji, ta ji ta yi zafi rau. "Baiwar Allah tana aiki tun safe, ba za ta sha iska ba?" Daga nan ta wuce gidan Kawu, ta manta ba ta gaya wa kowa ba.

Na goge ta, na bari sanyin ya sake ta, sannan na kunna ta. Ta kawo! Direban nan mai karyawa wurinmu ya sa katinsa, takarda ta fito lafiya lau.

In kin tashi, ki biya gidan mai wanke-wankenmu ki ba ta haƙuri. Kallon da muka yi mata jiya bai dace ba.

Inna kuwa, kada ki yi mata faɗa. Matar da ta rantse wannan abu ba zai shiga shagonta ba, ita ce yau take tambayata ko zazzaɓin ya sauka.

Ƙanwarki