Farin da Malam Isa Ya Bar Mini

Talata da dare, Ƙuba

Yau Malam Isa, abokin karatuna ɗan ƙasar Sin, ya zo sallama, jibi zai koma gida. Ya miƙo mini takarda a naɗe, zanen hannunsa da baƙar tawada: duwatsu, kogi, 'yar bukka. Bai zana kowa ba, sai takalman mutum biyu a ƙofar bukkar.

Na ce, "Malam, saman nan fari fat. Ba ka gama ba ne?"

Ya yi dariya. "Ya akhi, a wurinmu wanda aka bai wa ne ke rubuta baiti a nan. Kai za ka gama."

Tun isha'i alƙalami na hannuna. Wallahi tsoro nake in gama, ya tabbata mun rabu.