Kwaɓin da Ya Yi Tsami

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya yaran? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ji saƙonki cewa in bar gidan burodi in dawo wajenki in huta. Ba inda za ni. Gaskiya ne na yi ƙiba alhali ko cin kirki ba na yi, gashina na bin mataji, muryata ta dushe har masu saye na zaton mura ce. Amma wadda ta ce miki lalaci ne, ki ce ta zo ta ɗaga buhun fulawa ɗaya mu gani.

Ga abin da ya faru. Kin san mai kwaɓi da jikinta take auna zafin ɗaki. To ni kwanan nan sanyi nake ji, kowa na zufa ina cikin suwaita. Sai na rufe tagogi, na lulluɓe kwaɓin, na matsar da shi kusa da tanda. Ashe ɗakin zafi ne da shi. Kwaɓin ya tashi ya wuce, ya yi tsami, aka zubar. Mai gidan burodin ya ce tsufa ya zo mini, ƙaninsa zai karɓi kwaɓi. Abin ya yi mini ciwo, Yaya, na yi kuka a bayan buhunan fulawa. Gobe zan je asibiti.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya.

An gwada jinina. Likita ta ce wata 'yar halitta ce a gaban wuyana ta rage aiki, jiki yana ta aika mata sinadarin zaburarwa har ya taru a jini. Sanyin, gajiyar, bushewar fata, duk daga nan ne. Ƙwaya ɗaya kullum kafin karin kumallo, sauƙin kuma a hankali zai zo.

Na kai wa mai gidan burodin bayani, sai ya ce don tausayi in zauna a kantar sayarwa ina miƙa burodi. Na gode masa, na ce ban roƙi tausayi ba. Na rataya ma'aunin zafi a bango, tunda jikina ya daina faɗa mini gaskiya. Ya ce shi ya riga ya yanke hukunci.

To ya yanke. Litinin zai same ni a gaban kwanon kwaɓi, hannuna cikin fulawa. In korata zai yi, ya faɗa da bakinsa a gaban ma'aikatan da na koya wa aiki, har da ƙanin nasa.

Ki yi mini addu'a.

Ƙanwarki,
Auta