Daga Ƙasa Na Fara Dubawa

Ibadan, 14 ga Yuni, 1976

Baba,

Gaisuwa da ladabi. Ina fatan kowa lafiya a Malali. Yaya ƙafar Inna?

Albishirinka! Jiya aka kafe sakamakon jarrabawa. Mu ɗari biyu muka zauna, sittin kaɗai za su wuce ajin likita. Daga ƙasa na fara dubawa, don can na sa rai. Na kai tsakiya ban ga lambata ba, sai na juya ina hawaye, har na fara tunanin jirgin Kaduna. Abokiyar ɗakina Folake ta fizgo mayafina ta ce, "Wa ya ce ki tsaya? Ɗaga kanki!" Baba, ni ce ta bakwai!

Kada Inna ta damu da hoton da na sako. Na ɗan rame, amma karatu ne kawai, da abincinsu da cikina ya ƙi sabawa da shi. A aiko mini da kuka da daddawa.

Alƙalaminka na ofis da ka ara mini, da shi na rubuta. Ka yi haƙuri, ba zai dawo ba sai ya rubuta wa Inna maganin ƙafarta.

Ƴarka,
Zuwaira