An Ce An Ga 'Yata A Coci, Ni Kuwa Kunyarta Nake Ji

Hajiya Sadia, assalamu alaikum. Don Allah ki taimaka mini da shawara, abin nan ya fi ƙarfin tsufana.

Wata uku ke nan da aka fara kawo mini magana, wai 'yata ta bar Musulunci. Ranar da na fara ji dariya na yi. Shekara ashirin da shida na yi ina fassara labarai a wani gidan rediyo a Aldwych kafin in yi ritaya, kuma abin da aka fara koya mana shi ne labarin da ya zo da ƙafa ɗaya ba a karanta shi. Ban da haka, a gaban kakata na tashi a Yelwa, gwanar tatsuniya, na san yadda ake zuba wa magana gishiri. Na ce mutanenmu ne na London, sanyi ya hana ƙafa yawo sai baki ya karɓa.

Yarinyar ita ce 'yar farina. Shekararta talatin da ɗaya, tana aiki a wani kemis, kuma ban taɓa kiran sunanta ba, kamar yadda ubana bai taɓa kiran na yayana ba. Mahaifiyarta ce wayar da ke tsakaninmu. In ina son sanin wani abu sai in faɗa wa uwar, amsa ta biyo ta hanyar da tambaya ta bi. Bara Allah ya yi mata rasuwa. Ƙannen yarinyar sun yi nisa, saura mu biyu a flat ɗinmu na Thamesmead, hawa na bakwai. Ta gaishe ni, in amsa ina kallon taga. In yi Hausa, ta mayar da Turanci. Iyakar hirar ke nan.

Ana nan sai ga wannan fim da hotonsa ya cika jikin bas, wanda aka ɗauko daga littafin da ke cewa wai wata ƙungiya ta daɗe tana ɓoye wani sirri game da Annabi Isa, Alaihis Salam. Masallacinmu ya rabu biyu. Wasu na murna, wai Turawa sun tona wa kansu asiri, har wani ya sayo littafin yana rabawa kamar goron ɗaurin aure. Wasu suka ce ai Annabi Isa namu ne, wanda ya taɓa shi ya taɓa mu. Na'ibin limaminmu, Malam Abdulrashid, ya ce a wa'azi duk wanda ya je ya kalla to ya koma ya binciki imaninsa.

Wata Alhamis na iske tikitin sinima na fim ɗin guda biyu a kan tebur, kusa da maganin hawan jinina. 'Yata ce ta yi booking, ta ajiye. To Hajiya, ni da 'yar fari kafaɗa da kafaɗa a cikin duhu? In aka nuno abin kunya ina zan sa idona? Sai na ɗora kofin shayi a kansu, na yi kamar ban gani ba. Washegari babu su. Daga baya na ji da Sharon ta tafi, ƙawarta tun firamare, 'yar maƙwabtanmu Kiristoci.

Tun daga nan take fita duk Lahadi da safe. Katumi, wata 'yar Ghana mai sayar da shinkafa da wake a Old Kent Road, aminiyar marigayiya, ta ce da idonta ta gan ta tana shiga ɗaya daga cikin coci-cocin nan da ake buɗewa a tsofaffin sito, riƙe da hannun uwar Sharon. Katumi tana da surutu, amma ban san ta da ƙarya ba.

Sai na ce bari in je in ga abin da aka nuna wa yarinyar. Wata Talata da azahar na cire hulata, na sa ta sanyi har kunne, na hau bas na je na kalli fim ɗin. Na shiga da ido biyu, na fito da huɗu. Mutanen cikinsa duk abin da suka gani alama ce, bango alama, zane alama, to ni ma haka na dawo gida. Akwai ɗan kifi a jikin makullin yarinyar, irin wanda ake cewa alamar Kiristoci ce. Ta zagaye Lahadi-Lahadi da jan biro a kalandar kicin. Da asuba nakan kasa kunne in ji ƙarar famfo, amma famfo ba ya faɗa maka alwala ake yi ko goge baki. Har jakarta na buɗe, abin da ban taɓa yi wa uwarta ba a shekara talatin da biyar. Na samu takardar coci mai ɗauke da lokutan taro. A ƙarƙashinta kuma carbin mahaifiyarta. Kin ga, alama biyu, kowace na ƙaryata 'yar'uwarta.

In na tambaye ta, na karya kunyar da na riƙe tun ranar sunanta. In ƙarya ce, ban san ko za ta yafe mini zargin ba. In gaskiya ce, ban san ko zuciyata za ta ɗauka ba. Wani ya ce in mayar da ita gida Yelwa, kamar akwati ce.

Da na ci gaba da daurewa, sai dai Juma'ar da ta wuce wani ya ja ni gefe bayan sallah, ya sassauta murya, ya ce in yi hattara, fim ɗin nan ne ya ɓata mini 'ya, duk wanda ya kalle shi ba ya dawowa daidai. Mai maganar Malam Abdulrashid ne, wanda ya zauna layi biyu a gabana ranar Talatar nan, da ƙunshin gugguru a cinyarsa.

Dattijo daga hawa na bakwai

*

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya jiƙan marigayiya, ya sa ta huta.

Tsoronka ba abin dariya ba ne, kuma ba zan ce Katumi ba ta ga abin da ta gani ba. Amma shiga coci riƙe da hannun tsohuwa yana iya zama rakiya ce ga mai ciwon ƙafa. Yana iya zama kuma yarinya ce da uwarta ta rasu, tambayoyi suka cika mata kai, ta je inda aka saurare ta. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, kifin makulli ma bai sani ba.

Fim irin wannan sana'arsa ke nan, ya sa mutum ya ga kowace ƙofa akwai asiri a bayanta. Ƙagaggen labari ne da aka yi don a sayar. Bai zama hujja ga masu murna a masallacinku ba, kuma bai isa ya cire imani daga zuciya cikin awa biyu ba, in ba haka ba da kai da Malam Abdulrashid ne kuka fara rasa naku a wannan Talatar.

Alama ɗaya ce ta gaskiya a duk wasiƙarka, ita ce ka ɗora wa kofin shayi. Wadda take son ɓoye wa ubanta wani abu ba ta saya masa tikitin fim ɗin da ya shafi addini. Magana take nema, ta rasa ta inda za ta fara.

Kunyar ɗan fari girmamawa ce, ban raina ta ba. Sai dai a Yelwa akwai goggo da kawu da kaka masu kai saƙo. A hawa na bakwai mai kai saƙon ta tafi. Yarinyar da aka haifa a London tana iya ɗaukar shirun nan ƙi ne.

Ka daina buɗe mata jaka, addini ya hana, kuma ka ga bai ƙara maka komai ba sai hawan jini. Kada ka aika Katumi, kada ka aika malam. Shi Malam Abdulrashid ka gode masa, ka ce maganar gidanka ce, ka rufa masa asirin guggurunsa.

Ba sai ka kira sunanta ba, ba sai kun haɗa ido ba. Ka ce ta raka ka cefane. A kujerar bas kowa gaba yake kallo, kunya ba za ta karye ba. Ka gaya mata ka ga tikitin, ka gaya mata abin da ya hana ka, ka ce kai ma ka je ka kalla. Maganar jaka ma ka faɗa, ka nemi afuwa. Sannan ka tambaye ta yadda ta ga fim ɗin, ka yi shiru. Ko da Turanci ta amsa, kai tsohon mai fassara ne.

In abin da kake tsoro ne ya fito, kada ka yanke hukunci a kan hanya. 'Yarka ce jiya, 'yarka ce gobe, kuma mai shakka ya fi komawa inda aka bar masa ƙofa a buɗe. In ba shi ba ne, ka samu abokiyar hira.

Allah ya sanyaya maka zuciya, Baba, ya tabbatar da ku a kan alheri, ya ba ka ƙarfin furta kalmar farko.

Hajiya Sadia