Harsashin da ya ba ni kyauta ya ja an riƙe fasfona

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Talata, kaina ya kulle.

Ni 'yar Kano ce, ina aiki a ƙasar waje, a wani shagon ɗinkin abaya a unguwar Satwa. Akwai wanda muke soyayya da shi, ɗan Zangon Kumasi, yana aiki a wani kulob da ake koyon harbi, shi ke miƙa wa baƙi bindiga ya tsaya a kansu. Ni kuwa tun ina sakandare nake karanta littattafan soyayya, ina mafarkin namijin da zai yi min abin da ba a taɓa yi wa wata ba, da na same shi sai na ce Allah Ya amsa.

Ranar zagayowar haihuwata ya kai ni wurin aikinsu, ya koya min na harba ƙaramar bindiga. Da za mu fito sai ya damƙa min harsashi guda, ya ce wasu zobe suke bayarwa, shi wannan ne alƙawarinsa. Har hawaye na yi, ƙawata tana ɗaukar mu bidiyo. Wallahi na zaci kwanso ne wanda aka riga aka harba, ashe mai rai ne. Na ɗinka wa harsashin 'yar jakar karan-miski, na ɓoye a aljihun jakata, duk inda za ni da shi nake zuwa.

Akwai wani sito a unguwar Al Quoz da nake kai kaya duk mako, mai gadin ko kai ba ya ɗagawa. Makon jiya na je, ashe an ba da hayar wurin ana baje kolin gwala-gwalai, an kafa na'urar bincike, ga 'yan sanda a ƙofa. Ina murmushi na ɗora jakata a kan na'urar, sai ta nuna harsashin. Jami'in ya yi min bayani cikin mutunci, ya ce harsashi mai rai a wajen wurin da aka yarda a yi harbi laifi ne. Sun riƙe fasfona, Talata zan koma in faɗi inda na samo shi.

Kwana biyu ina kiransa bai ɗauka ba. Da ya zo shago sai ya ce in ce a tasi na tsinta, wai in na ambaci sunansa aiki ya tafi, biza ta tafi, ƙila har kurkuku, ga mahaifiyarsa da shi ta dogara. Na ce to mu je tare mu faɗi gaskiya, ya kalli tsabar idona ya ce shi bai tuna ya ba ni komai ba, khalas, magana ta ƙare. Daga baya ƙawata ta gaya min tun ranar da aka kama ni ya kira ta, ba don ya ji halin da nake ciki ba, sai don ta goge bidiyon. Ba ta goge ba, ta turo min.

In na yi ƙaryar tasi suka duba kyamarar tasin, na ƙara wa kaina laifi. In na nuna bidiyon, ni na jefa saurayin nawa cikin masifa da hannuna, kuma abin kunya har yanzu in waya ta yi ƙara sai in yi sauri in duba ko shi ne. Iyayena ba su san komai ba. 'Yan uwa, in nuna musu bidiyon, ko in rufa wa wanda ya ƙi rufa min asiri?